KATIN YAYA MALSUN

Shafi na 17

Masu cewa na daɗe ban sako ba, na ji ku. Ga labarin ranar da muka je yawo garin Jeonju, wanda kuka dame ni a kai.

In ka shiga kasuwarmu ka tambayi wace ce Malsun, ba za ka rasa mai ba ka amsa ba. Mai kifi zai ce maka ita ce matar da ta dawo masa da kifi bayan ta cinye rabi, wai kallon da kifin yake mata bai yi mata ba. Direban bas ɗin unguwarmu cewa yake ba ta taɓa roƙon kujera ba, duba ɗaya take yi mutum uku su miƙe. Matar ɗanta kuwa ta taɓa gaya min a ɓoye cewa in ta ga kiran surukarta a waya, sai ta tashi tsaye take ɗauka.

Okbun ce kaɗai ba ta faɗin komai sai, "Yayata ce. Ku bar min ita haka."

A masana'antar safa muka haɗu mu uku, shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ranar farko, tun kafin a tambayi suna, aka tambayi shekara kamar yadda aka saba, don a wurinmu kowace shekarar haihuwa da sunan dabbarta. Okbun ta ce ita shekarar kare ce. Na ce ni ta alade, wato ina bayanta da ɗaya. Malsun ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Zakara."

Zakara yana gaban kare da shekara ɗaya. Magana ta ƙare, ta zama Yaya.

Tun daga ranar ita ke fara ɗaukar cokali, mu bi baya. Ita ke zama can ƙurya inda daɓe ya fi ɗumi. Ni ke jera cokula ina zuba ruwa da hannu biyu. Gashin nama aikina ne a matsayin ƙarama, amma Yaya ta ce hannuna mai ƙona abu ne, ta ɗora wa Okbun.

To ran Talatar nan tun a tasha Yaya ta miƙo hannu.

"Ku kawo katunanku na shaida."

Kullum haka take yi in za mu fita. Ita ce babba, ita ke zuwa tagar tikiti ita kaɗai, mu tsaya a inuwa. Bana ni ma na cika sittin da biyar, na shiga sahun masu shiga wuraren kallo da jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta, don haka da murna na miƙa nawa. Ta haɗa su uku ta zura a jakarta ta ja zip.

Muna sauka Jeonju ta ja mu shagon hayar kayan gargajiya.

"Yaya, mu da tsufanmu?" in ji Okbun. "Wannan ai na yara masu ɗaukar hoto ne."

"Ke ce tsohuwa. Baiwar Allah, kawo min na sarauniya."

Aka sa mata ja mai zanen zinariya, hawa uku, aka ɗora mata gammon gashi mai girman tukunya da wasu ƙarafa suna reto. Mu kuwa ta zaɓa mana kore-kore na kuyangin fada.

Okbun ta dubi madubi. "Ko a wasa ma bayi ne mu."

"Riƙe min bakin riga kar ya sha ƙasa."

Ta riƙe.

Daga nan muka bi layin tsofaffin gidaje, Yaya a gaba, duk abin da hancinta ya jiyo sai ta tsaya. Ta ci wainar sukari biyu da zafinta. Ta ci tsiren kifi ta sha romonsa. Ta ɗora da ruwan shinkafa mai ƙanƙara, ta karɓi na Okbun ma ta shanye, wai sanyi ba ya yi wa haƙorin Okbun kyau.

A ƙofar tsohon gidan sarautar ta ɗaga kai ta nufi ciki kai tsaye. Mai gadi ya tare ta.

"Mama, tikiti fa?"

"Ba ka ga kayan jikina ba? Mai kayan gargajiya ai kyauta ne, ba a tambayar kati."

"Wancan a Seoul ne, Mama. Nan sai an je taga."

Na ga fuskarta ta canza. Na ɗauka fushi ne. Sai cikinta ya yi wata ƙara da har mai gadin ya ja da baya.

"Okbun."

"Na'am Yaya."

"Banɗaki. Maza. Ɗaga min rigar nan."

Ta cilla min jakarta. "Jomnye, riƙe! Kar ki motsa sai na dawo!"

Suka ruga, sarauniya a gaba tana dafe da gammo, kuyanga a baya da tulin riga a hannu.

Ni kaɗai take ba wa jakarta, tun da can. Okbun har kishi takan yi, ta ce Yaya ta fi yarda da ni.

Na tsaya minti goma. Sai aka yi shela cewa mai bayanin tarihi zai fara zagaye, kuma daga wannan sai bayan abincin rana. Na ce bari in rage musu aiki. Na buɗe jakar na ciro katunan na je taga.

Matar tagar ta jera su a gabanta.

"Mama, biyu kyauta. Na ukun sai an biya."

"Wanne?"

Ta turo min shi da yatsa. Hoton Yaya ne.

"Ai ita ce babbarmu," na ce.

Ta dubi katin, ta dube ni. "Saura mata wata biyar ta kai, Mama."

Makon jiya-jiyan nan malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ta sa kowa ya fito da katinsa, ta nuna mana cewa lambobin farko ba ado ba ne, shekarar haihuwa ce da wata da rana. Ni duk zamana ban san haka ba. Yaya ta san ina zuwa aji, amma cewa take har yanzu zanen sunanmu muke koya.

Na dubi nawa. Hamsin da tara, wato 1959.

Na Okbun. Hamsin da takwas.

Na Yaya. Sittin.

Na sake karantawa a hankali. Na ma juya katin ko a juye na riƙe shi, sai ya koma sifili da tara, wato 'yar makarantar sakandare. Na mayar da shi daidai.

Sittin. Shekarar ɓera.

Ba Okbun kaɗai ba, ni ma na girme ta.

Na biya na karɓi tikiti uku na sa a aljihu. Ina juyowa na ga Yaya tsaye, gammo ya karkace. Ta dubi jakar da ke buɗe. Ta dube ni.

"Yawwa, har kin karɓo?" in ji Okbun. "Mu shiga."

Abin da mai bayani ya faɗa a kan sarki da zanen hotonsa, ko ɗaya ban ji ba. Yaya ce ta manne min.

"Jomnye, rana na dukan ki? Ungo lemata."

"Jomnye, zauna nan, ƙafarki."

Da za a ɗauki hoto a gaban dajin gora, ta tura ni tsakiya, wurin da ba ta taɓa barin kowa ya tsaya ba. Da muka fito ta sayo gasasshiyar gyaɗar kurmi ta ɓare da hannunta ta sa min a baki.

Okbun ta daina tafiya. Ta ja ni bayan wata katanga, idonta ya ciko.

"Faɗa min gaskiya. Me likita ya ce?"

"Wane likita?"

"Kar ki ɓoye min, Jomnye. Shekara arba'in Yaya ba ta taɓa ɓare wa mutum ko ƙwai ba. Wata nawa suka ba ki?"

"Lafiyata lau."

"Haka mijina ma ya ce."

Ta rungume ni tana sheshsheka. Ta kan kafaɗarta na hango Yaya tana girgiza min kai, ƙarafan gammo suna ta kaɗawa.

Da rana muka shiga gidan abinci, muka tuɓe takalma a bakin ƙofa. Gidan cike yake, ga ƙungiyar tsofaffin masu hawan dutse a teburin kusa da mu da jajayen huluna. Yaya ta wuce ƙurya ta zauna da kayan sarautarta, don ta ce ba za ta mayar ba sai lokacin haya ya cika. Na jera cokula. Mai abinci ta cika tebur da ƙananan kwanuka, kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji, iri uku, wainar wake, miyar tsiron wake, ta kawo bibimbap, shinkafar nan da ake cakuɗawa da ganye, a kwanukan tagulla, na farko gaban Yaya. Ta ajiye haƙarƙarin sa kusa da garwashi, ta miƙa wa Okbun awartaki da almakashi ba tare da ta tambaya ba. Da gani ta san mai aikin.

Okbun tun safe ba abin da ya shiga cikinta sai rabin waina. Tana juya nama, sai hannunta ya kai kan ɗan yankin kimchi ta jefa a baki.

Tas! Yaya ta buge mata hannu da cokali.

"Babba ta ɗauka ne? Shekara arba'in ban koya miki tarbiyya ba?"

"Yi haƙuri Yaya."

Ina tsiyaya shayin sha'ir a lokacin. Ban san ya aka yi ba, wani abu ya taso min daga ƙirji, rabi tari rabi dariya, butar ta kuɓuce, shayi ya malale tebur.

"Kin gani ko? Jikin ne!" Okbun ta zabura ta zura hannu a aljihuna tana neman hankici. Ta ciro shi, tikiti uku suka biyo shi suka faɗi gefen kwano.

Ta ɗauka za ta goge musu ruwa. Sai ta tsaya. Ta nesanta su da idonta kamar yadda take yi in babu tabarau.

"Na tsofaffi. Na tsofaffi." Ta ɗaga na ukun. "Wannan na kowa-da-kowa ne. Wa aka biya wa?"

"Jomnye," in ji Yaya da sauri. "Ba ta kai ba."

"Jomnye? Ni na dafa mata miyar ganyen teku ranar da ta cika sittin da biyar, a watan uku. Ke kika cinye naman ciki."

"To kuskuren matar taga ne. Ci abincinki."

"Jomnye, ke kika je taga. Wa aka biya wa?"

Na shiga goge tebur.

"Jomnye, da ke nake."

Na ci gaba da gogewa, wurin da ya riga ya bushe.

Okbun ta ajiye awartaki. "Yaya, mu ga katinki."

"Katina kayan kallo ne?"

"Mu gani dai."

"Ke har kin yi girman da za ki ce in nuna miki kati?"

"Shi nake so in sani."

Jakar tana gefena. Ban tura ta ba, ban kuma hana ba. Okbun ta ja zip ta ciro katin ta karanta. Ta daɗe a kai fiye da ni.

"Sittin," ta ce a hankali.

Yaya ta gyara zama. "To sai me? Babanmu ne ya yi latin rajista. Zamaninmu ai sai an ga jariri zai rayu ake rubuta shi. Shekara uku ya bari."

Wani mai jar hula ya juyo daga teburin kusa. "Gaskiya ne wannan. Ni ma biyu aka cinye min."

"Ni ɗaya," in ji na gefensa.

"Kin ji ko?" Yaya ta ɗaga murya. "Mutanen kirki sun sani."

Na ga Okbun ta fara sanyi, har hannunta ya koma kan awartaki. Sai ta sake tsayawa.

"Shekara biyu ke nan kin ƙi shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da ni. Wai jiri."

"Jiri ne mana."

"Ko dai don kar in ga kina biya?"

Ta ciro wayarta.

"Wa za ki kira?"

"Yaya Dalsu."

Dalsu wan Malsun ne, yana garin Pohang, shekararsa tamanin, kunnensa ya tafi tuntuni. In za a yi magana da shi sai an buɗe lasifika a yi ihu.

"WA KE NAN?"

"Okbun ce, Yaya Dalsu! Ƙawar Malsun!"

"MALSUN TA MUTU NE?"

"Tukuna! Tambaya ce da ni! Wace shekara aka haife ta?"

"WA?"

"Malsun!"

"ƁERA MANA! SHEKARAR DA RUMBUNMU YA RUSHE!"

Kowa a gidan abincin ya juyo. Har mai abinci ta tsaya da tire a hannu.

"Ba a yi latin rajista ba?"

"WANE LATI? WASHEGARI BABA YA JE, NI NA RAKA SHI! YA CE A RUBUTA TA MAZA A RUFE LAYIN MATA! ME TA YI KUMA?"

Yaya ta kai hannu ta kashe wayar.

Masu jajayen huluna suka juya ga kwanukansu, amma babu wanda yake taunawa.

Okbun ta fara lissafi da yatsu, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Bayanki. Duk Lahadi a gidan wanka ni ke cuɗa miki baya. Sai na gama naki hannuna ya mutu, ki ɗan shafa nawa sau biyu ki ce ya fita."

"Ai bayanki ƙarami ne."

"Kimchin hunturu. Kabeji ɗari, na gidanki ake fara yi, nawa sai sanyi ya kama."

"Wannan ai..."

"Bikin cika sittin! Na sa goshina a ƙasa na gaishe ki a gaban jama'a! Shekararki nawa ranar?"

Yaya ta shiga gyara gammonta.

"Nawa?"

"Hamsin da bakwai."

Wani mai jar hula ya ƙware da miya.

"Marigayi Chunbae ya sani?"

"Mijina ne, ya za a yi ya rasa sani?"

Okbun ta dafe ƙirji. "Shi ya sa! Duk sanda na ce Yaya sai ya tashi ya fita baranda kafaɗunsa suna rawa. Ni ina tausayinsa, na ɗauka asma ce! Har maganin gargajiya na sayo masa!"

"Ya sha kuwa. Ya ce yana da daɗi."

"Ke kuma," ta juyo kaina, "tun safe kin sani kika bar ni ina miki kukan mutuwa?"

"Na ce miki lafiyata lau."

"Jakar ma ashe ba yarda ba ce. Don ba kya karatu ne take ba ki."

Wannan ban yi tunaninsa ba sai da ta faɗa. Na dubi Malsun. Ta kawar da kai.

"Me ya sa?" in ji Okbun.

Malsun ta dubi garwashi.

"Mu bakwai ne mata, ni ce ta ƙarshe. Ni ke ɗebo ruwa, ni ke wanke kwano, ni ke cin ƙanzo. Rigar da ta iso kaina ta bi jiki shida. Ban taɓa jin wani ya ce min Yaya ba. Ranar nan kika ce kare, bakina kawai ya ce zakara. Na ɗauka aikin wata ɗaya ne, mu watse."

"Da wata ya wuce fa?"

"Kin riga kin saba."

"Ni na saba ko ke?"

"Saura wata biyar fa," Malsun ta ce kamar da kanta take. "Wata biyar kacal, da shi ke nan har kabari."

Ban cika sa baki a maganarsu ba, amma na ce, "Okbun, lokacin da mijinki ya faɗi, ita ta goya shi har titi. Ita ta kwana a daɓen asibiti wata biyu."

"Na sani."

"Ta ce ke ki je gida wurin yara, aikin babba ne."

"Na ce na sani, Jomnye!" Muryarta ta karye. "Shi ne ya fi min ciwo. Da na san ƙanwa ce, zan bar ta ta kwana a ƙasa ni ina kan katifa? Ta sa na zama babbar banza, shekara arba'in ban riƙe kowa ba."

Ta share ido da hannun rigar kuyanga. Sannan ta miƙe.

"Tashi daga nan."

"Me?"

"Ƙurya wurin babba ne. Tashi."

Malsun ta dubi mutane, ta dube ni. Ta tattara riga hawa uku ta ja jiki ta dawo bakin garwashi. Okbun ta zauna a ƙurya, ta ɗan motsa.

"Ashe haka nan ke da ɗumi."

Ta tura mata awartaki da almakashi.

Malsun ba ta taɓa gasa nama ba tun da na san ta. Ta zuba haƙarƙarin duka lokaci ɗaya. Kitse ya ɗiga, wuta ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe gammon. Ta kama almakashi a juye. Yanki ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin miyar mai jar hula, ya ce ba komai, ya cinye.

Okbun ta ɗauki cokali, a hankali, kowa yana kallo. Ta cakuɗa shinkafarta ta kai loma ɗaya. Na ɗauki nawa. Malsun ta kai hannu.

"Jomnye ta haɗiye ne?" in ji Okbun.

Ta janye hannun.

Can ta tsinto yankin da bai ƙone sosai ba ta naɗe a ganyen latas ta ajiye a gaban Okbun.

"Ci."

"Da wa kike?"

"Da ke mana."

"Ni wa?"

Bakin Malsun ya buɗe. Ya rufe. "Zai huce."

"Ni wa, Malsun?"

Karo na farko ke nan da na ji ta kira ta da sunan tsirara ido da ido. Malsun ma sai da ta firgita.

"Haba, abu ya riga ya wuce. Shekara biyu ce fa kawai tsakani. Mu ci abinci mu je mu ga cocin nan mai jan bulo, an ce da kyau."

Okbun ta ajiye cokali.

"Ban ce ki biya ni cuɗar baya ba. Ban ce ki sa goshi a ƙasa ba. Kalma nake jira, kin ƙi. To akwai jirgin ƙarfe uku, ni na tafi. Ran Lahadi kar ki jira ni a gidan wanka. Ranar kimchi ma ki nemi wata."

Ta tashi. Okbun ba mai barazana ba ce. Ta taɓa cewa ta daina gaida ƙanwar mijinta, yau shekara ashirin.

Ta ratsa tsakanin tebura ta isa bakin ƙofa ta zauna a dakali ta jawo takalmanta.

Malsun na zaune, naman yana ta ƙonewa.

"Za ta dawo," ta ce.

Na girgiza kai.

"Ke ma fushin kike?"

Na ɗauki kofin Okbun na ajiye a gabanta. Na tura mata butar shayi.

Ta dubi butar kamar ba ta taɓa ganin irinta ba. A bakin ƙofa Okbun ta sa takalmi ɗaya.

Malsun ta kai hannu ta zare ƙarafan, ta sauke gammon ta ajiye a kan matashi. Gashinta ya manne da gumi, kanta ya koma ɗan ƙarami. Ta tsiyaya shayin, rabi a kofi rabi a tebur. Ta ɗauka da hannu ɗaya. Na yi gyaran murya. Ta ƙara ɗayan.

Ta bi tsakanin tebura tana taka bakin rigarta, babu mai riƙe mata. Masu jajayen huluna suka janye ƙafafu. Na bi bayanta.

Ta durƙusa a bayan Okbun ta miƙa kofin. Ta faɗi wani abu can cikin maƙogwaro.

Okbun ba ta juyo ba, ɗayan takalmin yana hannunta.

"Ban ji ba. Kin san kunnen manya."

Malsun ta sake motsa baki.

"Jomnye, kin ji wani abu?"

"A'a," na ce.

Shayi na zuba a kan jar rigar. Okbun ta zura yatsun ƙafarta cikin takalmin na biyu.

Sai Malsun ta buɗe murya, irin wadda take yi wa mai kifi, har ta cikin kicin aka leƙo.

"Yaya Okbun! Yaya Jomnye! Ni ɓera ce, ni ce ƙaramarku. Ƙarya na yi muku shekara arba'in da ɗaya. Na yi laifi. Ku yafe min."